Azumi Talatin Ba Fashi

Ran ashirin da shida ga azumi, da rana tsaka, Suwaiba ta dawo daga lakwal, makarantar da take koyarwa, ta iske Hamdiya zaune a bayan rumbu tana shan fura da ludayi, hankalinta kwance.

Ba laifi ta yi ba. Fashin salla take yi, kuma duk macen da ke gidan ta sani, don tun safe take yawo da hannu a mara tana nishi kamar a kanta aka fara. Hamdiya ɗiyar ƙanen baban Suwaiba ce, daga garin Mai Yara aka kawo ta Dakoro don ta yi lise, wato babbar sakandare. Shekararta goma sha tara, ga manyan idanu, ga dariya ba dalili.

Da ta ga yayarta sai ta ɗaga ƙwarya ta ce wallahi ta gaji da wannan abu, kowane wata sai ya kayar da ita, ga ramuwar azumi har shida tana jiranta. Ta ce ita kam Yaya ta ji daɗinta, ko ɗaya ba ta sha ba.

Suwaiba ta dube ta, ta dubi furar, ta wuce ɗaki. Kishi ne ya turnuƙe ta, kishi na gaske mai ɗaci. Wa ya taɓa jin an yi kishin ciwon mara? To, Suwaiba ta yi. Da za a ce ta ba da albashinta na shekara a ba ta wannan ciwon na kwana biyar, da ko tayi ba za ta tsaya yi ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabonta da ganin al'ada.

Da fari ta ɗauka gajiyar aiki ce. Sai wani zafi ya fara taso mata daga ƙirji zuwa fuska, tana tsaka da rubutu a allo gumi ya karyo mata har ya jiƙa hijabi, yara suna kallo. Da abin ya ishe ta, ta sami Alhusaini, majo ne, wato ma'aikacin jinya, a wata likita, ƙaramin asibiti na cikin gari. Shi ya taɓa neman aurenta shekara uku da suka wuce ta ƙi shi, amma mutum ne mai riƙon amana. Bai yi mata tambayar banza ba, ya rubuta mata takarda zuwa ga wata lokotoro, ƙwararriyar likitar mata, a Maradi.

Sau uku ta je. An ɗebi jini, an sake ɗiba, an yi hoton ciki. A zuwa na uku, ran goma ga azumin nan, matar ta zaunar da ita ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Ma'ajiyar ƙwan haihuwarta ta daina aiki kafin lokacinta. Abin da ke samun mace tana da shekara hamsin, shi ya same ta tana da ashirin da biyar. Ta ce akan sami wadda Allah ke ba ciki duk da haka, amma kaɗan ne ƙwarai, kada ta gina rayuwarta a kan wannan. Ta rubuta mata maganin da zai kashe zafin ya kare mata ƙashi, har ya riƙa kawo jini duk wata, ko da yake ba zai dawo da ƙwai ba.

Suwaiba ba ta saye shi ba. Ta ga kwalinsa a Maradi, sak irin ƙwayoyin da matan aure ke sha na tazarar haihuwa. Budurwa, a Dakoro, a sami wannan a akwatinta? Ta naɗe takardun ta cusa cikin babban littafin da take shirya darasi, ta ce sai bayan biki.

Don bikin saura ƙiris. An sa ranar aurenta da Badaru sati uku bayan ƙaramar salla. Badaru ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ne, ran kasuwa shi ke bin garke da allura, kuma shekara biyu ke nan ba ya iya wuni bai ji muryarta ba. Shi kaɗai uwarsa ta haifa kafin ta rasu. Ba ya hira da Suwaiba ya tashi bai ambaci 'ya'ya ba, har sunaye ya zaɓa, na fari in namiji ne sunan babansa. Sau nawa ta buɗe baki za ta faɗa masa? Ba iyaka. Da ya yi mata wannan murmushin nasa sai maganar ta koma ciki.

A gida kuwa dabara ta samo. Kun san mata, ba sa tambaya amma suna ƙirga. Duk wata sai ta ware kwana biyar, in an kira salla ta zauna tsakar gida tana tsintar wake kowa ya gan ta, daga baya ta shige ɗaki ta turo ƙofa ta yi sallarta a ɓoye. Wata goma tana haka, ko Inna Halimatu da ta haife ta ba ta gane ba.

Sai ga Goggo.

Goggo ƙanwar uban Badaru ce, ita ta raine shi tun yana zanin goyo, ita ce uwarsa a duk wata magana. Aminiyar Inna Halimatu ce kuma tun suna 'yan mata. Ta taso daga Birnin Lalle ran ɗaya ga azumi don ta tsaya a kan haɗa lefe, kuma tunda Badaru ɗaki ɗaya yake haya a bakin kasuwa, a gidan su Suwaiba ta sauka. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin Suwaiba, kai da kai.

Ina dabara a nan? Tsohuwar da ba ta fita, tare a yi sahur, tare a sha ruwa, tare a yi alwala a bakin randa ɗaya. Kuma salla ce ake ɓoyewa, azumi ba ya ɓoyuwa. Wadda take fashi dole a ga ta kurɓi ruwa ko sau ɗaya. Ran goma sha bakwai Suwaiba ta ɗebo ruwa a moɗa da rana, ta tsaya inda Goggo za ta gan ta, ta kai har leɓe. Ta yi wa mutane ƙarya ta nemi gafara, wannan ta saba, amma ta karya farilla da gangan don idon wata tsohuwa? Ta juye ruwan a gindin dogon yaro.

Goggo ta gani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Tun daga ran ashirin ta daina ce mata amaryarmu. Ta koma yi mata wani irin kallo daga ƙirji zuwa ƙugu. In gumin nan ya taso wa Suwaiba, sai Goggo ta ce oho, haka zafi ke yi wa wasu. Ta tambayi Inna, kamar da wasa, me ke kai ɗiyarta Maradi haka a kai a kai. Ta tambayi maƙwabta wane ne Alhusaini, don an ce mata ran goma ga azumi mota ɗaya suka shiga da Suwaiba zuwa Maradi. Gaskiya ne kuwa, taron aikinsu ya tafi, ita tana gaba shi yana can baya, amma wa ke tambayar kujera?

Sa'an nan ta juya wa Hamdiya. Yau da Suwaiba ta shige ɗaki, tana jin Goggo ta fito tsakar gida tana lallashin yarinyar, ta jiƙa mata kanwa, ta ce ta yi haƙuri, ai wannan shi ne lafiyar mace, mahaifa ce ke wanke kanta tana jiran baƙo. Ta ce duk wanda ya auri Hamdiya ya shirya raguna.

Suwaiba ta kifa fuska a matashi ta ciji leɓe. A ranta ta zagi Hamdiya, ta zagi idanunta da dariyarta, alhali ta san yarinyar ba ta yi mata komai ba.

Azumi ya cika talatin, Suwaiba ta kai shi cif.

Ran salla Badaru ya zo gaisuwa da hantsi, cikin shadda ruwan toka. Kwana huɗu ke nan bai kira ta ba, in ta kira ya ce yana aiki. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaida Goggo, ya amsa gaisuwar Suwaiba idonsa na kan takalminsa. Da Hamdiya ta kawo masa ruwa kuwa ya ɗago ya ce mata barka da salla, har da ɗan murmushi.

Goggo ta ce to, tunda ga moto, babur ɗin da ya zo a kai, ya ɗauki Hamdiya ta kai tuwon salla gidan kawunsa a bayan tasha, kada miya ta huce. Wannan aike bara Suwaiba ce ta yi shi.

Ta leƙa ta kafar zana ta gan su. Hamdiya ta hau baya, ta rungume kwano da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya sauka can gefen da Suwaiba ba ta gani. Ƙarfen moto ta riƙe, ko rigarsa? Wallahi a kan wannan tambayar ta wuni. Mutane na shiga suna fita, ana yaba ɗinkinta, tana amsawa, amma hankalinta na kan wannan hannun. Da Hamdiya ta dawo tana ba da labarin wai moto ta mutu musu a rairayi sai da suka tura, Suwaiba ta ce mata ba a tambaye ta ba, ta je ta wanke kwanuka. Yarinyar ta tsaya baki buɗe.

Kashegari da safe Hamdiyar ce kuma ta leƙo ta ce Yaya Badaru yana zaure yana kira. Har saƙonsa ma ta bakinta yake zuwa yanzu.

Ta same shi tsaye, ya juya baya, hannu a aljihu. Ta shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Da ya juyo ta ga idanunsa sun yi ja, ya rame cikin kwana biyar.

"Suwaiba, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ki ji tsoron Allah. Na wane ne?"

"Mi ke nan?"

"Cikin da ke jikinki."

Ta dafa bango. Ta san Goggo na zarginta da wani abu, ta kuma san me, amma jin kalmar a bakinsa daban ne. Kuma, Allah Ya yafe mata, abin da ya fara zuwa mata ba fushi ba ne. Wani daɗi ne ya ratsa ta, na ɗan ƙiftawar ido. Ciki. An dube ta an ga mace mai ciki. Har hannunta ya tafi mara da kansa kafin ta ankara ta janye shi.

Badaru ya ga tafiyar hannun. Fuskarsa ta sauya.

Ya fara magana ba tsayawa. Ya ce Goggo ta ƙirga mata, talatin ba fashi, ga gumi, ga faɗa ba dalili, ga zaryar Maradi. Ya ce shi ba yaro ba ne, aikinsa ke nan, ya san abin da ke sa mace ta daina gani. Ya ce kwana biyar bai iya cin abinci ba, ko akuya ya kama zai yi wa allura fuskar majon nan yake gani. Jiya har ƙofar likitarsu ya je ya tsaya da moto, bai san abin da ya hana shi shiga ba.

"Mi yake da shi da ba ni da shi? Farar riga? Da kika ƙi shi a gaban mutane ashe ajiye shi kika yi. Ni na tsaya ina kiyaye ki, ko yatsanki ban taɓa riƙewa ba, ina cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Shi kuwa..."

"Kada ka ƙarasa," in ji ta. Hawaye sun riga sun zubo. "Na rantse da wanda na yi wa azumin nan, ba namijin da ya taɓa sanina. Ba ni da ciki, Badaru. Da ina da shi..."

Ya ce da tana da shi sai me? Ta girgiza kai.

"To mi kike zuwa yi Maradi?"

"Likita nake zuwa."

"Ciwon mi?"

Ga ƙofa a buɗe, shiga kawai za ta yi. Ta dube shi, wannan mutumin da ke ƙonewa a kanta, ta tuna sunan babansa da ya ajiye wa ɗan fari. In ta yi shiru, ta zama mazinaciya a idonsa, aure ya mutu. In ta faɗa, ta wanke kanta, auren kuma mai yiwuwa ya mutu ta wata hanyar. Gaba kura, baya sayaki. Sai kishinta ya riga gaskiyarta fitowa.

"Kai da ke tuhumata, jiya mi ya tsayar da ku a hanya kai da Hamdiya? Daga nan zuwa bayan tasha har awa guda?"

Ya yi tsaki ya ce Hamdiya ƙanwarsa ce. Ta ce ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, kuma ta ga murmushin da ya yi mata, irinsa ne ya yi wa ita Suwaiba ran da ya fara ganinta a ƙofar lakwal. Ta ce ta san abin da Goggo ke shiryawa, ba makauniya ba ce, lefe ma ba sai an sake ba tunda takalminsu ɗaya. Tana faɗa tana kuka, shi ma muryarsa ta karye.

"Goggo ta yi mini maganarta," in ji shi a hankali. "Ta ce gida ɗaya ne, ba sai an ji kunya ba. Na ce mata ni ke nake so. Ko yanzu da nake jin kamar in mutu, ke nake so. Ki ba ni abin da zan riƙe, Suwaiba. Kome ne ne, ki faɗa mini."

Ta share fuska da bakin hijabi. Ta buɗe baki da niyyar faɗa, wannan karon da gaske. Sai ga ƙarar sandar Goggo a bakin zaure. Tsohuwa ta ce hirar ta isa haka, ita ta riga ta yi magana da aminiyarta, a shigo ciki a yi ta ta ƙare.

A ɗakin Inna aka zauna. Inna Halimatu na bakin gado, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na rawa. Badaru bai shiga ba, surukuta ta hana, ya tsaya daga waje jikin labule. Baba yana gona yana duba shinge, Allah Ya sa.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita da Halimatu shekara arba'in suna tare ba a taɓa jin kansu ba, kuma ba ta zo tozarta kowa ba. Amma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ta ce a tashi yanzu a je wurin ungozomar likita a duba yarinya. In ƙarya ta yi, za ta durƙusa a gaban Suwaiba ta nemi gafara. In gaskiya ce, a rufa wa juna asiri, a san yadda za a yi da ranar da aka sa, tunda gidan bai rasa 'yan mata ba.

Inna ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, ki dubi girman Allah ki faɗa mini. Ni na haife ki."

Suwaiba ta tashi. A je likitar gari, a bi layi da ita tsakanin tsofaffi biyu, kafin la'asar duk Dakoro ta ji. Ta wuce Badaru a bakin ƙofa, ta shiga ɗakinta, ta zaro takardun daga cikin littafin darasi. Ta dawo ta ajiye su a gaban Goggo, ta ce ga awon da aka yi mata a Maradi ran goma ga azumi, har da hoton ciki, komai na nan a rubuce.

Goggo ta juya takardar sama da ƙasa. Faransanci ne, ita da Inna ba wadda ta taɓa zama a aji. Suwaiba ta miƙa hannu za ta karanta, Goggo ta janye.

"A'a. Mai kaya ba ya zama shaidar kayansa. Ina Hamdiya? Ai ita ma 'yar lakwal ce."

Duk lissafin da Suwaiba ta yi, ba ta kawo wannan ba. Cikin mutanen duniya kaf, Hamdiya ce za ta karanta. Yarinyar da aka riga aka auna mata lefenta, ita za a miƙa wa wuƙar, kuma ba sai ta yi ƙarya ba, karatu kawai za ta yi.

Hamdiya ta shigo hannunta da kumfar sabulu, ta goge a zani. Ta durƙusa ta karɓa. Suwaiba na kallon idanunta suna bin layi, leɓunanta na motsi. A lise ana koya musu halittar jikin mutum, ba kalmar da za ta ɓace mata. Ta kai tsakiyar shafi ta tsaya. Ta koma baya ta sake karantawa. Sa'an nan ta ɗago ta dubi yayarta, idanun nan manya sun cika da ruwa.

Suwaiba ta ɗaure fuska ta mayar mata da kallo. Faɗi mana, in ji zuciyarta, ai abin da kike jira ke nan.

Goggo ta ce, "Muna jin ki."

Hamdiya ta mayar da ido kan takardar.

"Takarda ta ce ba ta da ciki, Goggo. An duba jini, an duba hoto, ba komai. Ta ce jininta ne ya rikice, shi ya sa take gumi, kuma an rubuta mata magani."

"Shi ke nan? Duk wannan rubutun?"

"Sauran sunayen awo ne da lambobi."

Ta ninke takardun biyu, ta ninke huɗu.

Inna ta fashe da kuka tana hamdala. Goggo ta yi tagumi, ta daɗe, sa'an nan ta ajiye sanda ta fara zamewa daga kan kujera za ta cika alkawari, Inna ta riƙe ta ta ce haba, wace irin magana, babba ba ya durƙusa wa ɗiyarsa. Suka rungume juna, tsofaffi biyu, kowace na ba ɗaya haƙuri.

Suwaiba ba ta motsa ba. Ya kamata ta ji sanyi, ta sani. Amma abin da ta ji nauyi ne. Wadda ta wuni tana zagi a zuci ita ce ta rufa mata asiri, ta kuma yi shi da kyau, ba gori ba yanga. Ashe bayan idanu da lafiya har da halin kirki ta fi ta.

Sai labule ya motsa. Hannun Badaru ne ya shigo, tafi a buɗe.

"Hamdiya, ba ni takardar."

Yarinyar ta dubi Suwaiba tana neman izini. Suwaiba ta runtse ido, ta gyaɗa kai. Da ma haƙƙinsa ne ya sani, tun wata goma da suka wuce.

Ta gefen labule tana hango shi. Ya buɗe takardun a rana ya fara karantawa da sauri, fuskarsa ta washe a layin farko, har ya saki numfashi. Ya ci gaba. Saurin ya ragu. Mutumin da ke duba shanu masu ƙin ɗaukar ciki ba ya bukatar a fassara masa. Ya kai ƙarshe ya tsaya, kansa a sunkuye, ya daɗe har Goggo ta gaji ta ce wai lafiya, ko yarinyar ta tsallake wani abu ne?

Suwaiba ta daina numfashi.

Ya ninke takardun yadda Hamdiya ta ninke su, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Abin da ta karanta shi ke ciki, Goggo," in ji shi. "Biki na nan ran da aka sa."

Inna ta rangaɗa guɗa da muryar da kuka ya dusar. Goggo ta ce to madalla, Allah Ya ba da zuriya ɗayyiba, Ya sa baɗi war haka ana suna. Inna ta ce amin. Badaru bai ce amin ba.

Suwaiba ta miƙe ta nufi ƙofa. So take ya dube ta, ko da fushi ne, ko da tuhuma, ko da wannan jan idon na ɗazu a zaure. Ta ɗaga labule. Hamdiya ta riga ta fita, tana tsaye gefe tana share hawaye da bayan hannu. Badaru na kallon Hamdiya, Hamdiya na kallonsa, kallon mutum biyu da suka san abin da sauran gida ba su sani ba.

"Na gode," ya ce wa yarinyar, can ƙasa-ƙasa. "Allah Ya yi miki albarka."

Ya juya ya bi ta zaure ya fita, bai waiwayi amaryarsa ba.